Ina so in sauƙaƙa kod ɗin manhajar zanena, yaya zan yi da zanen da mutane suka riga suka ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina gina manhajar zane da ke aiki a burauza, irin wadda ake zana akwatuna da da'irori da kibiyoyi da rubutu. Da TypeScript na rubuta ta, kowace siffa da ajinta, wani aji yana gadon wani. In za a ajiye zane sai in mayar da komai JSON, wato rubutaccen tsarin ajiye bayanai, in zuba a IndexedDB, rumbun ajiya na cikin burauza, in aika kwafi zuwa saba, wato kwamfutata da ke intanet. Yanzu kod ɗin ya cakuɗe, in na taɓa nan sai can ya lalace. In rushe in sake daga farko ne? Kuma yaya zan yi da tsoffin zanen mutane?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka rushe, kuma kada ka haɗa ayyukan nan biyu a fita ɗaya. Gyaran kod aiki ne, sauya fasalin abin da aka ajiye wani aikin ne daban, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. In ka yi su tare, ranar da wani ya buɗe zanensa ya tarar kibiyoyi sun watse, ba za ka san ko sabon kod ne ya yi ɓarnar ko wajen juya fayil ɗin aka yi ta ba.

Ciwon naka yana cikin jimla ɗaya da ka rubuta: "sai in mayar da komai JSON". Wato fayil ɗinka ba shi da fasalin kansa, hoton cikin kod ɗinka ne na ranar da aka ajiye shi. Duk sunan da ka raɗa wa wani gurbi cikin gaggawa, duk lissafin wucin gadi da ka maƙala a jikin siffa don allo ya yi sauri, sun bi sun shige fayilolin mutane. Shi ya sa kake jin hannunka a ɗaure, don ko sunan gurbi ɗaya ka canza a aji, ka canza fayil ba da niyya ba. Kod naka ne, ka juya shi yau ka sake juya shi gobe, babu mai tambayarka. Zanen da ke wayar wani kuwa amana ce a hannunka, wataƙila kwana uku ya yi a kansa, kuma kwafinsa bai kai saba ba. Aikin farko shi ne ka raba su, kowa ya tsaya da ƙafarsa.

Ka fara da abu biyu ƙanana, ka fitar da su su kaɗai. Na ɗaya, lambar siga a saman kowane zane, cikakkiyar lamba wadda ba ruwanta da lambar sigar manhajar. Fasalin da kake da shi yau ka kira shi siga 1, duk fayil ɗin da ya zo babu lamba ka ɗauke shi siga 0. In ka buɗe fayil ɗin Excalidraw, wata manhajar zane ta burauza irin taka, da manhajar rubutu, layukan farko da za ka gani su ne nau'in fayil ɗin da lambar sigarsa, kafin a zo kan siffofi. SQLite, manhajar rumbun bayanai, ita ma ta ware wa mai manhaja wuri a kan kowane rumbu don irin wannan lambar, shi ne user_version. Na biyu, tafinta: fankshin ɗaya mai karanta fayil ya gina abin da kod ke aiki da shi, da wani mai ɗaukar abin da ke cikin kod ya rubuta fayil gurbi bayan gurbi, da hannu, kowane da sunansa. A ranar farko tafintan nan zai yi kamar ba shi da amfani, tunda abin da ya karɓa shi yake miƙawa. Amfaninsa zai fito ne ranar da ka rushe ajujuwan, fayil bai ko motsa ba.

Ka bar wannan fitar ta zauna kwana biyu kafin ka ci gaba. Akwai shafin da ke buɗe a kwamfutar wani tun makon jiya, akwai kwafin manhajar da burauza ta ajiye don aiki ba intanet, akwai wanda datarsa ta ƙare ya ci gaba da zane a tsohon kod. Duk waɗannan suna nan suna rubuta fayiloli, kuma za su dawo maka.

Kafin ka taɓa kod, ka tara tsoffin zane na gaske. Ba waɗanda ka zana da kanka don gwaji ba, don naka masu tsafta ne, ka san inda manhajar ke tuntuɓe kana kauce masa. Ka nemi izinin wasu masu amfani da ita su ba ka nasu, daga farkon shekarun nan biyu har zuwa yau, manya da ƙanana, ka goge abin da yake na sirri, ka ajiye su a gefen gwaje-gwajenka. Daga nan ma'auninka ɗaya ne a duk tsawon gyaran: a buɗe fayil a ajiye shi, abin da sabon kod ya rubuta ya zo daidai da abin da tsohon ya rubuta. In ka ƙara da ɗaukar hoton kowane zane a tsohon kod da sabo kana kwatantawa, ya fi. Muddin gwajin nan yana wucewa, ka yi wa cikin kod duk tiyatar da ka ga dama.

To, ita sauƙaƙawar. Yawancin manhajojin zane da na ga sun cakuɗe, abu uku ne aka zuba a tukunya ɗaya. Akwai zanen kansa: siffofi, inda suke, launinsu, wace ce a kan wace. Akwai halin zaman mai zane: abin da ya zaɓa, inda ya zuƙo allo, kayan aikin da ke hannunsa. Akwai kuma abin da ake lissafowa daga na farkon: iyakokin siffa bayan an juya ta, hanyar da kibiya ke bi, akwatin da ya kewaye rukuni. Na farko kaɗai ke shiga fayil. Na biyu ya zauna a na'urar mutum. Na uku kada a ajiye shi, a lissafa shi duk lokacin da ake so, a riƙe shi na ɗan lokaci in lissafin yana da nauyi. Ka duba ajin siffarka, ina kyautata zaton za ka tarar da gurbin "an zaɓe ni" zaune kusa da faɗi da tsawo. Daga nan ake samun zanen da aka ajiye da siffa a zaɓe, da maɓallin komawa baya da ke warware zaɓi a maimakon ya warware aiki.

Ajujuwan masu gadon juna kuma, tsohuwar hanya ce mai daraja. HotDraw, tsarin gina manhajar zane da Kent Beck da Ward Cunningham suka gina da harshen Smalltalk a shekarun 1980 a kanta ya tsaya, kuma mutane da yawa a irinsa suka koyi tsara manhaja. Amma gado yana da kyau ne in siffofi sun yarda su jeru kamar zuri'a, su kuwa ba sa yarda. Rubutu siffa ce, sai ga akwati mai rubutu a ciki, sai ga kibiya mai rubutu a tsakiya. Wa zai gaji wa? Ƙarshenta komai ya tattaru a babban ajin da ke sama, ya kumbura. Abin da na fi so, kuma shi manhajojin zane irin su Excalidraw da tldraw suke yi, shi ne kowace siffa ta zama bayani tsagwaronsa, kamar katin asibiti: lambar shaida, nau'i, wuri, sai ƴan bayanan da suka keɓanta da nau'in. Babu fankshin a jikin katin. Halayya tana gefe: kowane nau'i yana da wuri ɗaya da ya san yadda ake zana shi, yadda ake auna iyakarsa, yadda ake gane an taɓa shi, yadda yake in an ja kusurwarsa. A tldraw wannan wurin shi ake kira ShapeUtil. Sabuwar siffa ta zama sabon fayil ɗaya, ba yawo cikin kod ana ƙara "in da'ira ce" a wuri goma sha ba.

Katunan su zauna a tebur ɗaya shimfiɗaɗɗe, ana nemo kowane da lambar shaidarsa. Kada rukuni ya haɗiye ƴaƴansa a cikinsa. Ɗan ne zai riƙe lambar uwarsa. Haka manhajar zane ta Figma take yi, kuma dalilin a fili yake: in wurin ajiye dangantakar ɗaya ne, siffa ba za ta taɓa zama a rukuni biyu a lokaci guda ba. Jerin wace ce a kan wace kuma, kada ka dogara da matsayi a cikin jeri, don saka siffa ɗaya a tsakiya zai sauya lambar duk na bayanta. Ka ba kowane kati makullin jeri wanda kullum ake samun wani a tsakanin biyu, kamar yadda 0.625 take tsakanin 0.5 da 0.75. Sai dai kada ka yi shi da lambar kwamfuta mai ɗigo, don in aka yi ta raba tazara ɗaya biyu, wajen karo hamsin za ta ƙare. Da haruffa ake yi, inda a1V yake shiga tsakanin a1 da a2, kuma makullin yana iya tsawo yadda ake bukata.

Kibiya ita ce inda na fi ganin manhajojin zane suna ciwo. Mai gini yakan sa kibiya ta riƙe siffar da take nunawa, siffar ma ta riƙe jerin kibiyoyin da ke jikinta, sai a wayi gari gaskiya tana wuri biyu, kuma kowane sharewa da kwafi da komawa baya dole ya tuna ya gyara duka biyun. Wata rana ɗaya zai manta. Ka mayar da ɗaurin kansa kati: wannan kibiya, wannan bakin nata, yana ɗaure da waccan siffa, a wannan wuri na jikinta. Wurin kuma a rubuta shi da kaso na faɗi da tsawo, daga 0 zuwa 1, don in siffar ta girma ɗaurin ya bi ta. tldraw ta taɓa ajiye ɗauri a cikin kibiya, daga baya ta fitar da shi ya zama bayani mai zaman kansa.

Kayan aiki ba zan daɗe a kansu ba. In kana da tutoci irin su "ana ja", "ana juyawa", "ana zana", "an danna", "ana rubutu", tutoci biyar hali 32 ne, kuma mafi yawansu ba su da ma'ana, amma kod ɗinka yana iya faɗawa cikinsu. Ka sa kowane kayan aiki ya kasance a hali ɗaya tak a kowane lokaci: yana jira, an danna, ana ja. Kowane hali ya san abin da zai yi da motsin linzami ko yatsa, da inda zai koma in an saki ko an fasa.

Komawa baya kuwa kyauta zai zo maka in ka yi abu ɗaya: duk canjin da za a yi wa katuna ya bi ta ƙofa ɗaya. Ƙofar ta rubuta yadda katin yake kafin canji da yadda ya koma. Ka sa alama a farkon kowane ja, don ɗaruruwan motsin yatsa su zama mataki ɗaya. Shi ke nan ka huta da rubuta wa kowane umarni kishiyarsa da hannu, wanda nan ne kurakurai suke ɓuya. Ajiya ta kai tsaye da aikawa saba su ma a bakin wannan ƙofar za su tsaya su saurara.

Duk wannan za ka iya gama shi tafinta yana ci gaba da rubuta siga 1. Sai kod ya natsu sannan ka waiwayi fayil.

Juya fayil tsani ne. Mataki ɗaya yana kai siga 0 zuwa 1, wani 1 zuwa 2, wani 2 zuwa 3. Fayil ya zo da lambarsa, ya hau daga inda yake har sama, sannan a tantance shi a miƙa wa kod. Kod ɗinka fasali ɗaya kaɗai ya sani, na yau. In sigogi sun kai goma, matakai tara ke gare ka. Da kowace tsohuwar siga za ta yi tsalle kai tsaye zuwa kowace ta gaba da ita, hanyoyi 45 za ka riƙe. Blender, manhajar zanen 3D, ita ma haka take: kowane fayil nata yana ɗauke da bayanin fasalin da aka rubuta shi da shi, kuma a cikin kod ɗinta akwai jerin fayiloli na gyaran tsoffin sigogi da ake bi lokacin buɗewa.

Doka ɗaya ce nake so ka riƙe da ƙarfi: matakin da ya riga ya fita ya daskare. Ba a gyara shi, kuma ba ya aron komai daga kod mai rai. Kada ya kira nau'o'in TypeScript na yau, kada ya kira fankshin ɗin lissafi na yau, kada ya karanta launin asali na yau. A ce a mataki na 2 ka rubuta cewa siffar da ba ta da launi a ba ta launin asali, ka ɗauko shi daga saitin manhaja, a lokacin baƙi ne. Baɗi ka mayar da launin asali shuɗi. Fayil iri ɗaya, wanda ya buɗe bana ya ga baƙi, wanda ya buɗe baɗi ya ga shuɗi, alhali ba ka taɓa matakin ba. Ka rubuta "baƙi" a cikin matakin da hannunka, ko da ka ga kamar maimaici ne. In daga baya ka gano mataki ya yi kuskure, sabon mataki za ka ƙara a sama ya gyara, don fayilolin da suka bi ta mai kuskuren sun riga sun yaɗu.

Mu ɗauki fitar da ɗauri daga cikin kibiya, tunda ita za ta fi ba ka wuya. A takarda abin layi biyar ne. A fayilolin gaske za ka tarar da kibiyar da ke nuna siffar da aka share tun bara, da siffofi biyu masu lambar shaida ɗaya saboda wani tsohon kuskuren kwafi, da faɗin da ya zama null saboda JSON.stringify yana mayar da NaN da Infinity null ba tare da ya ce uffan ba, yana kuma zubar da gurbin da yake undefined, ya mayar da Map da Set fanko. Siga 0 ɗin nan taka ba fasali ɗaya ba ce, duk fasalin da kod ɗinka ya taɓa yi ne cikin shekara biyu. Duk wani shinshine na "in akwai wannan gurbi to tsoho ne" ka tattara shi a mataki na farko kaɗai, kada ya wuce nan. Kuma a kowane hali mai rikitarwa ka zaɓi abin da ba ya ɓatar da aikin mutum. Kibiyar da ta rasa abin da take nunawa a bar ta a inda take da baki a sake, kada a share ta. Mai zanen ya gan ta ya yanke hukunci da kansa.

Akwai wani tarko a nan da ba a cika lura da shi ba. Sababbin katunan ɗauri suna bukatar lambar shaida. In matakin ya ƙirƙiro ta da ka, waya za ta juya zanen ta samu wata lamba, kwamfuta ta juya shi ta samu wata, su haɗu a saba kowace kibiya ta tashi da ɗauri biyu a baki ɗaya. Ka samo lambar daga abin da ke cikin fayil ɗin, misali lambar kibiyar haɗe da sunan bakin. Mataki kada ya san agogo, kada ya san intanet, kada ya jefa ƙuri'a. Abu ɗaya ya shiga, abu ɗaya ya fito, ko a ina aka yi.

Canjin da ya fi haɗari shi ne wanda fasali bai motsa ba amma ma'ana ta sauya. Manhajar zane ta Inkscape ta yi shekaru tana ɗaukar inci ɗaya a matsayin fiksel 90, alhali ƙa'idar CSS ta shafukan intanet ta tsaya a kan 96. A siga 0.92 da ta fito a watan Janairun 2017 suka koma 96. Lambobin da ke cikin tsohon fayil suna nan yadda suke, amma layin da aka zana fiksel 90 da nufin milimita 25.4 yanzu zai fito wajen milimita 23.8. Ga mai zanen da za a kalla a allo wannan ba komai ba ne. Ga mai yanka sitika ko katako da inji, kayan ne ba za su shiga juna ba. Manhajar ba ta da hanyar sanin niyyar mai zanen, don haka in ta ga tsohon fayil sai ta tsaya ta tambaye shi: don allo aka yi wannan ko don a fitar da shi da ma'auni? Ta kuma ba shi damar ajiye kwafin asali. Abin da ya ba su ikon gane tsohon fayil tun farko shi ne Inkscape tana rubuta sigarta a cikin fayilolin zane na SVG da take ajiyewa.

Na ga kishiyar wannan a wani wurin da na yi aiki. Mun sauya kusurwar juya siffa daga digiri zuwa radiyan, sunan gurbin bai canza ba, lambar siga kuma babu. In ka ga 90 ka san digiri ne. In ka ga 3 fa? Ko dai siffa ce da aka ɗan karkata, ko kuma wadda aka kusa kifewa, don radiyan 3 ya kusa digiri 172. Waɗanda ke saba mun rarrabe su da ranar ajiya. Waɗanda mutane suka sauke a na'urorinsu ba mu iya ba, kuma har yau abin yana damuna, don aikin mutane ne muka ɓata. Tun daga ranar, in ma'anar gurbi za ta sauya, sai na ƙara lambar siga na kuma sauya masa suna.

Rubutu ma yana cikin wannan sahu, kuma a nan zan sassauta abin da na faɗa a baya. Faɗin rubutu lissafo shi ake yi, amma ka ajiye shi, don na'urori ba sa auna shi daidai da juna. Mu masu rubuta Hausa mun fi kowa sanin haka: in salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, burauza za ta aro su daga wani salon, aron da za ta yi a Android daban da na Windows, layi ya karye a wani wuri, akwati ya ƙara tsawo, kibiyoyin da ke jikinsa su gusa. In kuma za ka sauya salon haruffa na asali, sabon ya samu sabuwar lamba, tsoffin zane su ci gaba da nasu. Haka Excalidraw ta yi a 2024 da ta kawo salon haruffa Excalifont a madadin Virgil.

Yaushe za a hau tsanin? Ni na fi son lokacin buɗewa, zane ɗaya bayan ɗaya, a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Buɗewa kawai kada ta taɓa abin da ke ajiye; sai mutum ya yi canji na farko sannan a rubuta sabon fasali, a kuma ajiye na asalin a gefe na wani lokaci. In mataki ya gaza, a tsaya, a gaya masa, a bar fayil ɗinsa yadda yake. Mafi munin abin da manhajar zane za ta yi shi ne ta kasa karanta fayil, ta nuna farin allo, ajiya ta kai tsaye ta bi ta rubuta farin allon a kan aikinsa. Ka gwada wannan da gangan, ka ba ta gurɓataccen fayil ka ga abin da za ta yi.

Tunda ka ambaci IndexedDB, ka kiyaye: lambar sigar rumbun daban, lambar sigar zane daban. Akwai jarabar a zuba duk juyin a cikin onupgradeneeded, wurin da burauza ke kira in an ɗaga lambar rumbu, tunda an ce don haka aka yi shi. Amma lambar rumbu gaba kawai take tafiya. In ka ɗaga ta zuwa 5, ka ga matsala, ka mayar da tsohon kod da ke neman 4, burauza za ta ƙi buɗewa ta ba da VersionError, mutum ya rasa hanyar zuwa ga zanensa gaba ɗaya. Ga shi kuma ɗagawar tana tsayawa cik in akwai wani shafin manhajar a buɗe da bai saki rumbun ba. Ka bar wannan lambar don ƙirƙirar ma'ajiyoyi da fihirisa kawai, juyin zane ya bi tsaninka.

Sai fayil ɗin da ya zo daga gaba: an ajiye shi a siga 4 a kwamfuta, aka buɗe shi a wayar da kod ɗinta ya tsaya a 3. Wannan binciken dole ya kasance cikin fitar farko da na ce ka yi, don ba za ka iya komawa ka koya wa tsohon kod ba, ba a fafe gora ranar tafiya. In lambar ta fi wadda ya sani, ya buɗe don kallo kawai ko ya ce a sabunta, amma kada ya ajiye. Saba ma ta ƙi karɓar zanen da sigarsa ta gaza wadda take riƙe da ita. tldraw tana ba da damar rubuta mataki mai hawa da mai sauka, saboda masu zane tare a allo ɗaya waɗanda kod ɗinsu bai zo ɗaya ba. In ba ka da zanen haɗin gwiwa, kada ka ɗora wa kanka matakan sauka, ninki biyu ne na aiki da gwaji.

Ka kuma ƙirga ƙofofin da zane ke shigowa ta cikinsu, sun fi yadda kake zato. Abin da aka kwafa daga wani shafin aka liƙa, siffofin da mutum ya tara a taskarsa, samfuran da ka saka da kanka, fayil ɗin da aka tura wa wani ta WhatsApp bara. Excalidraw da draw.io har cikin hoton PNG suna iya cusa zanen don a sake buɗe shi a gyara. Kowane ɗayan waɗannan ya ɗauki lambar siga, kuma duka su bi ta tafinta ɗaya.

Wani abin kuma kada ka juya shi sam. In sunan gurbi ne kawai bai yi maka kyau ba, ka gyara shi a kod, tafinta ya riƙa fassarawa, fayil ya zauna lafiya. Inkscape ta ɓalle daga manhajar Sodipodi tun 2003, amma ka buɗe SVG ɗin da ta ajiye za ka ga kalmar sodipodi a jikin gurabe da dama, kuma bai hana kowa zane ba. Sunan da ka daina amfani da shi kuma kada ka sake ba wani abu daban. Masu Protocol Buffers, wani tsarin rubuta bayanai, har kalma suka ware, reserved, don a killace lambar gurbin da ya mutu. Ka ajiye irin wannan jerin a gefen tsaninka.

Za ka so ka share tsoffin matakai in sun yi yawa. Da duk zanen a sabarka suke, sai ka juya su gaba ɗaya ka tabbatar ka share. Naka kuwa suna cikin burauzoji da wayoyin da ba ka da iko da su, wani sai bayan shekara uku zai nemi nasa. In nauyinsu ne ya dame ka, ka ware su a fayil na daban wanda burauza ba za ta sauko da shi ba sai ta ci karo da zanen da lambarsa ta tsufa, ka kuma tabbatar yana cikin abin da ake ajiyewa don aiki ba intanet. Allah Ya taimaka.